Ina so in ajiye aiki in koma kocin rayuwa, don Allah wanda ya san harkar ya haska min

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai na ce bari in amayar da ita ko zan samu mai haska min. Shekarata 12 ina aiki a sashen kula da ma'aikata, kuma gaskiya na gaji. Abin da na lura shi ne, ko a ofis ko a gida, duk wanda abu ya ɗaure wa kai wurina yake nufowa. Wannan ta saɓa da mijinta, wancan shugabansa ya sa shi gaba, waccan ta rasa abin da za ta karanta. In zauna in saurara in ba da shawara, kuma galibi sai an dawo ana yi min godiya. Ƙawayena har tsokanata suke yi, wai in buɗe ofis in riƙa karɓar kuɗi.

To sai ga shi na ci karo da tallar wani kwas a Instagram. Kwana uku ne ta Zoom, an ce kana gamawa za a ba ka satifiket na kocin rayuwa, ka fara karɓar mutane nan take. Ina tunanin in biya, ƙarshen shekara in ajiye aiki in rungumi wannan gaba ɗaya. Na fi son ɓangaren ma'aurata don nan na fi ƙwarewa. Me kuke gani?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Kocin rayuwa kuma? Ni kocin ƙwallo na sani. Shi wannan in rayuwarka ta sha kashi a gida da waje korarsa ake yi?

Ummi K:
Anti don girman Allah kar ki biya tukuna. Ina aiki yanzu, anjima zan dawo in ba ki labarina.

Baban Zara:
Allah ya sa alheri. Ni dai abu ɗaya zan ce, kar a saki reshe a kama ganye.

Anti Bilki:
Ƙanwata Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Shekarata shida a wannan sana'a, kuma zan fara miki da abin da ba za ki so ji ba. Abin da ya sa kike ganin kin dace da aikin, wato iya ba da shawara, shi ne abu na farko da za a raba ki da shi in kika shiga makarantar kirki. Koci ba mai ba da shawara ba ne. Aikinsa ya yi tambaya, ya yi shiru, ya saurara, har mutum ya tono amsarsa da kansa, sannan ya tsare shi sai ya aikata abin da ya ce zai aikata. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ke fitila kawai kike riƙe masa.

Bari in kwatanta. Mutum ya zo ya ce miki, "Ina so in bar aikina." Mai ba da shawara zai ce masa kar ka bari sai ka samu wani, ko ya ce bari kawai Allah na nan. Koci kuwa cewa zai yi, "Me kake so ka bari, aikin ne ko wurin?" Sai ya ja bakinsa ya tsuke. Ko minti guda mutumin zai yi bai ce uffan ba, ba zai cike masa gurbin ba. Sau da yawa abin da ke fitowa bayan wannan shirun ba shi da alaƙa da abin da aka shigo da shi. Sai ki ji ashe ba aikin ne ya ishe shi ba, mutum ɗaya ne a ofis ɗin ya kasa tunkara shekara uku.

Ni da wuya na koyi wannan. Mace ta farko da ta taɓa biyana, matsala ce tsakaninta da abokiyar kasuwancinta. Ban gama jin labarin ba na yanke hukunci a raina, na ce mata su raba jari kowa ya kama gabansa. Ta bi maganata. Bayan wata huɗu ta kira ni tana kuka, kasuwancin ya durƙushe, ashe ɗayar ce ke riƙe da duk masu saye. Ta ce min, "Ke kika ce in yi." Ban da bakin musu, don ni na ce ɗin. Da tambayarta na yi wa ke kawo ciniki a cikinsu, da ita da bakinta za ta gano. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ki fara tambayar kanki, za ki iya zama awa guda da mutum, kina ganin amsar ƙuru-ƙuru a gabanki, ki hana bakinki faɗa?

Abu Sadik:
To Anti, yanzu fa kin ƙara rikita ni. Wato in ɗauki kuɗina in ba mutum, in kawo masa matsalata, shi kuma ya ƙi gaya min mafita, sai dai ya yi ta jero min tambayoyi kamar ɗan sanda? Ai abokina ma zai yi min wannan kyauta, har ya raka ni bakin hanya.

Anti Bilki:
Abokinka yana da ra'ayi a kan rayuwarka, Abu Sadik. In ka ce za ka ƙaura, yana tunanin zai rasa abokin hira. In ka ce za ka bar aiki, yana tuna bashin da yake binka. Kuma minti biyar da fara magana zai ce maka "ai ni ma haka ta taɓa faruwa da ni", shi ke nan hira ta koma kansa. Yaushe rabon da wani ya saurare ka awa guda cur bai sako nasa labarin ba? Sannan abokinka ba zai kira ka ranar Talata ya ce ina wasiƙar da ka ce za ka rubuta ba. In ma ya kira, ka ce ka manta, dariya za ku yi a wuce wurin.

Malam Habu:
Ku ba ni dama in sako ɗan tarihi, don zai warware gardamar Abu Sadik da Anti. Zolayar da ya yi ta kocin ƙwallo ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ita kalmar koci asalinta sunan wani ƙauye ne a Hungary, Kocs, inda aka shahara da ƙera keken doki. Daga nan ɗaliban Oxford wajen 1830 suka riƙa kiran malamin da ke shirya su jarrabawa da sunan, wato keken da ke ɗaukarka ya kai ka inda za ka. Daga baya ta shiga wasanni.

Salon tambaya maimakon umarni kuwa daga filin tanis ya fito. Wani Ba'amurke mai koyar da tanis, Timothy Gallwey, ya lura cewa in ya rage yi wa ɗalibi gyara, ya sa shi ya lura da abin da jikinsa ke yi, ya fi saurin koyo. Ya fitar da littafi a kan haka a 1974. Wani Baturen Ingila, John Whitmore, wanda a da direban tseren mota ne, ya ɗauki tunanin ya kai shi kamfanoni, littafinsa ya fito a 1992. Shi ya yaɗa tsarin nan da ake kira GROW, matakai huɗu: me kake so ka cimma, a wane hali kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wanne za ka ɗauka kuma yaushe.

Wanda ya mayar da abin sana'a mai zaman kanta ga ɗaiɗaikun mutane kuwa Thomas Leonard ne, shi ma Ba'amurke. Aikinsa na asali tsara wa mutane harkar kuɗi. Sai ya ga masu zuwa wurinsa ba lissafi kaɗai ke damunsu ba, rayuwar ce gaba ɗaya. Ya kafa makarantar Coach U a 1992, sannan ICF, ƙungiyar masu sana'ar koci ta duniya, a 1995. Ya rasu a 2003. Kun ga sana'ar ba ta daɗe ba, da yawanmu nan mun girme ta.

Abu Sadik:
Malam Habu an gaishe ka. Wato dai keken doki ne, kuma fasinja ke nuna hanya.

Malam Habu:
Ka fahimta ke nan, sai dai ka ƙi.

Ummi K:
Na dawo. Anti Maman Ilham, irin tallar da kika gani ita na gani shekara biyu da suka wuce. Ba zan kama suna ba. Na kwashe ɗan abin da na tara na biya. Kwana ukun nan, rana ta farko labarin yadda mai kwas ɗin ta tashi daga babu zuwa akwai muka sha. Rana ta biyu aka koya mana yadda ake ɗaukar hoto da rubuta kalamai masu motsa zuciya. Rana ta uku aka ce wanda yake so ya yi nisa da gaske sai ya shiga babban aji na wata shida, kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa, kuma ragin na yau ne kaɗai. Ko sau ɗaya ba a sa mu zauna da mutum mun gwada ba. Ko sau ɗaya.

Satifiket dai an turo min, kyakkyawa da shi har da zanen zinare. Na buɗe shafi, na yi wata bakwai ina ɗora rubutu kullum. Masu danna so sun yi yawa, masu turo saƙo da tsakar dare suna ba ni labarin rayuwarsu sun fi a ƙirga, amma da na ambaci biya sai ka ji tsit. Da na koma na yi ƙorafi, sai aka ce wai tunanina ne na talauci, ban yarda da kaina ba, in shiga babban ajin a gyara min. Daga baya aka ce in kawo mutum uku a ba ni kaso. A nan idona ya buɗe. Ashe ba mutane take horarwa ba, mu masu son zama koci mu ne kasuwar tata.

Abu Sadik:
Yawwa! Abin da nake nufi ke nan. Koci yana horar da koci don ya horar da koci. Ina masu rayuwar da ake gyarawa?

Anti Bilki:
A nan kam ba zan yi maka musu ba, akwai wannan sosai kuma yana ɓata mana suna. Ummi, sannu, Allah ya mayar miki da alheri. Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa shi ne sana'ar ba ta da mai tsaron ƙofa. Ko a Amurka da Ingila, babu lasisin gwamnati na zama kocin rayuwa. Kowa zai iya kwana ya tashi ya ce shi koci ne, kowa kuma zai iya buga satifiket ya sayar.

Abin da ake da shi ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, irin ICF da Malam ya ambata da EMCC ta Turai. Na fi sanin ICF don ita na bi. Matakanta uku ne. Na farko ACC: awa 60 na karatu, awa 100 na zama da mutane aƙalla takwas, kuma 75 daga ciki dole a ce an biya ki. Ga awa 10 tare da gogaggen koci yana duba aikinki, a shimfiɗe cikin aƙalla wata uku, ga jarrabawa. Na biyu PCC: awa 125 na karatu da awa 500 na aiki. Na uku MCC: awa 200 na karatu da awa 2,500 na aiki. Kuma duk shekara uku ake sabuntawa. Ni ina da ta farkon, ina lallaɓawa zuwa ta biyu.

Yanzu ki ɗora kwana uku a kan wannan sikelin.

Ki yi lissafi ma. In kina da mutum uku, kowa awa guda a mako, awa 100 zai ci miki sama da wata bakwai, in babu wanda ya yi fashi ke nan. Kuma za su yi fashi. Ni shekara ɗaya da rabi na yi.

Duk makarantar da ta ce ICF ta amince da ita, kar ki tsaya a tambarin da ta manna, ki je wurin ICF ɗin da kanki ki nemi sunanta a jerinsu. Sannan ki tambaye su, sau nawa malami zai saurare ni ina aiki da mutum ya yi min gyara? In suka fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.

Abu Sadik:
To ita ICF ɗin wa ya naɗa ta? Ba su suka taru suka naɗa kansu ba? Su ma ai kuɗi suke karɓa su ba da takarda. Bambancinsu da mai kwas ɗin da Ummi ta shiga kawai sun fi ta daɗewa.

Malam Habu:
Rabin maganarka gaskiya ce. Ba hukuma ba ce, ba ta da ikon hana kowa aiki, iyakarta ta karɓe takardarta in an kai ƙara an same ka da laifi. Akwai kuma ƙwararrun da ba su taɓa neman takardarta ba. Amma mai cewa sai ka yi awa 100 an kuma ji aikinka, da mai cewa turo kuɗi ka karɓa ranar Lahadi, ba ɗaya ba ne.

Anti Bilki:
Ni ba takardar ce ta amfane ni ba, don a shekara shida mutum biyu kacal suka taɓa tambayata ita, kuma dukansu kamfanoni ne. Abin da ya amfane ni ranar da aka kunna min muryata. Lokacin da na yi nawa, sai ka naɗi zama guda da izinin mai shi, a rubuta shi kalma bayan kalma. Malamata ta sa na ƙirga layukan da na yi magana da waɗanda matar ta yi. Na fi ta surutu nesa ba kusa ba. Tambayoyina kuma duk shawara ce na naɗe da ganye, irin "ba kya ganin gara ki yi kaza?" Kunya kamar in nutse.

Sista Hauwa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma maganar ma'aurata da Maman Ilham ta yi ce ta hana ni wucewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. 'Yar'uwa, mutane ba sa zuwa da tambari a goshi. Wadda za ta ce miki "na rasa kuzari, ina so ki taimaka min in tsara lokacina" tana iya kasancewa ciwon damuwa ke cinta. In mutum ya yi mako biyu ko fiye ransa a jagule kusan kullum, abin da yake so a da ya daina yi masa daɗi, barci ya lalace, cin abinci ya canza, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan ba jadawali yake buƙata ba. In kika ce masa ya tashi da asuba ya rubuta burinsa, ya kasa, kin ƙara masa hujjar cewa shi ba komai ba ne. Mun sha karɓar irinsu bayan sun ɓata watanni a hannun masu ƙarfafa gwiwa, sun iso a makare.

Na ma'aurata ya fi haɗari. Mace ta ce miki "ba ma jituwa", ashe dukanta ake yi, ko an tsare ta an raba ta da kowa nata. Ke kuma kina koya mata dabarun tausasa harshe. Ko ki ce ki haɗa su biyun a zama ɗaya, ta faɗi abu a gabanki, ta koma gida ta biya kuɗinsa da jikinta. Masu aikin sasanta ma'aurata na asibiti shekaru suke yi suna karatu ana duba aikinsu, kuma a ƙasa irin Amurka sai da lasisin jiha.

Ban ce kar ki yi ba. Amma kafin ki karɓi mutum na farko, ki tanadi sunan likita ko masanin halayyar ɗan'adam da za ki tura mutane wurinsa. Ki koyi yadda ake tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, don tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, wannan ba zaman koci ba ne kuma, maganar gaggawa ce. Kuma tun ranar farko ki gaya wa kowa cewa za ki riƙe sirrinsa, amma ban da inda rai ke cikin haɗari.

Anti Bilki:
Sista ta gama magana. Yana cikin yarjejeniyar da nake ba kowa ya sa hannu kafin mu fara: ni ba likita ba ce, ba na gano cuta, ba na magani. Bara kaɗai mutum uku na mayar. Ɗaya ta ji haushi ƙwarai, ta ce na guje ta. Na gwammace haushinta.

Maman Ilham:
Innalillahi. Jikina ya yi sanyi wallahi. Sista, akwai wadda na yi shekara ina ba haƙuri, yanzu da kika yi bayanin nan sai wasu maganganunta suke dawo min da wata ma'ana daban. Zan neme ta yau. Ummi na gode, kin tsame ni. To amma yanzu ku ce in haƙura ke nan gaba ɗaya?

Alhaji Garba:
'Yata, ba wanda ya ce ki haƙura. Ni ban san wannan sana'a ba, amma na yi shekara 30 ina saye da sayarwa kafin in zauna, kuma tambayar kowace sana'a ɗaya ce: wa zai biya, kuma me ya sa zai biya ki ke? Waɗanda suke zuwa wurinki yanzu suna zuwa ne don kyauta ne kuma suna ƙaunarki. Ranar da kika sa farashi za ki san adadinsu na gaskiya. Ummi ta riga ta gaya miki.

Na biyu, "rayuwa" ba haja ba ce. Ba wanda ke tashi da safe ya ce yau rayuwa zan saya. Mutum yana biya ne a kan ciwon da ya san sunansa. Kin ce shekara 12 kina sashen ma'aikata. Sau nawa kika ga an ɗauki haziƙin ma'aikaci an ba shi shugabancin abokansa, ya rikice, ya kasa raba aiki, ya kasa tsawatarwa, ya koma yin komai da kansa har ya faɗi? Kin san wannan ciwon ciki da waje. Kuma mai wannan ciwon yana da albashi, wani lokacin ma kamfaninsa ne zai biya masa. Me ya kai ki gonar ma'aurata da ba ki da takardarta, ga taki gonar a bayan ɗaki?

Na uku, aikin da kika gaji da shi shi ne zai ciyar da sabon. Ki riƙe shi. Mai yunwa ba ya iya ciniki, duk wanda ya zo sai ya karɓa, har wanda ya kamata ya tura asibiti.

Anti Bilki:
Baba, kamar kana wurin. Shekara uku na yi ina haɗawa da aikina, da yamma da ƙarshen mako. Ban ajiye ba sai da abin da nake samu a nan ya riƙe gidana wata shida a jere, kuma ina da ajiyar wasu watanni a gefe. Har yanzu akwai watan da ke zuwa fayau. Abin da ba a faɗa a talla shi ne, duk awa guda da na yi da mutum, na yi biyu ko uku ina neman na gaba, ina rubuta takardar neman biya, ina bin wanda ya ce zai turo bai turo ba. Rabin sana'ar talla ce, in kina jin kunyar faɗin farashinki da bakinki ki fara koyo tun yanzu a gaban madubi.

Kuma mutanena ba daga yawan mabiya suke zuwa ba. Kusan duka wani ne ya gaya wa wani. Ki fara da mutum biyu ko uku, ku yi yarjejeniyar zama shida, ko da abu kaɗan za su biya, amma su biya. Wanda bai biya ba shi ke fashi, shi ke zuwa bai yi abin da ya ɗauka ba. Ban da 'yan'uwa da aminai. Ban da kuma wanda takardar ƙarin girmansa ke bi ta teburinki, don ba zai saki jiki ba, kuma ke ma kin shiga tsaka mai wuya. Ki duba ma ko dokar wurin aikinki ta yarda da sana'ar gefe.

Abu na ƙarshe, kafin ki sayar da abu ki ɗanɗana shi. Ki nemi koci ya yi aiki da ke a kan wannan shawarar taki ta barin aiki. Na yi mamakin yawan masu son zama koci da ba su taɓa zama a ɗaya kujerar ba.

Abu Sadik:
Ka ji Anti ta fara neman kwastoma.

Anti Bilki:
Ba ni ba, na riga na ba ta shawara ai, na ɓata rawata da tsalle. Sai dai in haɗa ta da wata.

Baban Zara:
Ni fa har yanzu sunan ne bai kwanta min ba. Kocin rayuwa. Mutum ɗan shekara 25 bai taɓa riƙe ko akuya ba ya ce zai horar da ni rayuwa.

Malam Habu:
A ƙa'idarsu ba sai ya fi ka sanin rayuwa ba, tunda ba koya maka zai yi ba. Amma ni ma in zan zaɓa, mai furfura zan nema.

Maman Ilham:
Salam. Kwana tara ke nan, na ce bari in dawo da rahoto. Kwas ɗin dai ban biya ba. Na tura musu tambayar Anti Bilki, sau nawa malami zai saurare ni, sai aka amsa min da cewa gurbi ya kusa cika. Wadda na ce zan nema na same ta, na raka ta ta ga likita, ba zan ce komai a kai ba sai dai ku sa ta a addu'a.

Sannan na gwada abin. Akwai wani ƙanin ƙawata da aka ba shugabancin sashe kwanan nan a wani wurin daban, duk ya rame. Na ce ya ba ni awa guda, kuma na yi wa kaina alkawari tambaya kawai zan yi. Na ajiye agogo a gabana. Jama'a, ashe shiru nauyi gare shi. Yana magana amsar tana yi min ƙaiƙayi a harshe. Na daure, na daure, a minti na 11 na ji bakina yana cewa "ai abin da za ka yi shi ne". Na kama kaina na ce masa yi haƙuri, ci gaba. Can wajen minti na 40 na tambaye shi wane aiki ne a teburinsa wanda ba shi ya kamata ya yi ba. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce, "Anti, kusan duka. Tsoro nake ji in ba su su yi ya fi nawa kyau." Wallahi ni duk zatona lalaci ne na yaransa, shawarar da na shirya ba shi ta yadda zai matsa musu ce. Ya ce zai miƙa aiki biyu kafin Alhamis. Na kira shi Alhamis, ɗaya ya miƙa.

Aiki kuma ina nan ban ajiye ba. Ina duba makarantu biyu masu awa 60.

Abu Sadik:
Ya biya ki?

Maman Ilham:
A'a mana, gwaji ne.

Abu Sadik:
To saura 99, kuma 75 ɗin nan suna nan daram.

Anti Bilki:
Saura 100 dai. ICF ba ta ƙirga awannin da aka yi kafin a fara karatu. Amma minti 11 a karon farko, ƙanwata, kin fi ni. Ni ban kai huɗu ba. In kun sake zama kar ki tambaye shi me ya sa bai miƙa na biyun ba, zai fara kare kansa. Ki tambaye shi yadda aka yi ya iya miƙa na farkon.